Wa Ya Kayar da Bishiyar Auta?

Kafin rana ta gama fitowa labari ya zaga gari cewa an kayar da bishiyar kan tudu. Mai Sawu yana tsugune a tsakar gida yana wanke fuska matarsa ta shigo da maganar, ko sallama ba ta yi ba. Abin da ya fara ji a ransa, tun da ba alkawari muka yi za mu rufa masa asiri ba, daɗi ne. Wani sanyi ya ratsa ƙirjinsa kamar ya kurɓi ruwa bayan doguwar tafiya. Sai daga baya kunya ta biyo, ita kuma ta zo da shirin daɗewa.

Bishiyar ba ta kowa ba ce. Ita kaɗai take tsaye a bakin tudun da ke bayan gari, tafki a ƙarƙashinta, gabas a gabanta. Mai Sawu ne ya fara kai ƙaninsa wurin a shekarar da mahaifinsu ya rasu, Auta yana ɗan shekara bakwai, a wuya ya ɗauke shi ya hau da shi don ya daina kuka. Shekara ashirin da biyar ke nan yana bin sawun ɓarayin awaki da na babura a cikin waɗannan tuddai, amma ba wanda ya taɓa laƙaba wa ko dutse ɗaya sunansa. Auta kuwa daga sayen kyamara ya riƙa hawa kowace asuba, ya ɗauki bishiyar baƙa wuluk a gaban jan sama, farin tururi kwance a kan ruwa. Hoton ya shiga kalanda, ya shiga wayoyin mutane, baƙi suka fara zuwa daga nesa suna tsayawa cikin raɓa suna jiran rana. Bishiya ta zama bishiyar Auta, Mai Sawu ya zama "wan mai hoton nan". Har matarsa ta rataye kalandar daidai inda idonsa ke fara sauka in ya farka.

Ya goge fuska, ya ɗauki sandarsa ya fita.

* * *

Rabin gari ya riga shi hawa tudun. Bishiyar tana kwance, kanta ya faɗo yamma, ganyenta ya fara yaushi. Mutane sun zagaye ta, sun tattake ƙasar kamar an ci kasuwa.

"Sannunku da aiki," in ji Mai Sawu. "Kun share wa ɓarawo sawu kyauta."

Ba wanda ya yi dariya. Mai Aski, wanda shagonsa ne majalisar garin kuma bakinsa ya fi rezarsa kaifi, ya matso yana gyara tsayuwa.

"Wa ya ce a shagona, a gaban mutum shida, wata rana za a sare banzar bishiyar nan kowa ya huta?"

"Ni ne."

"Wa ya san Auta zai yi tafiya jiya, ba zai hau tudu ba?"

"Ƙanina ne, dole in sani."

"To, baki shi ke yanka wuya. Zuwa yamma in ba ka kawo mana wani ba, 'yan sanda za mu kira."

'Yan sanda ba su dami Mai Sawu ba, sau nawa suka zo ƙofar gidansa neman taimako. Auta yake kallo. Yana zaune a kan gangar bishiyar, kyamara a rataye a wuyansa, kusa da shi tsohon da ya koya masa sana'a yana dafe da kafaɗarsa. Baba Kar-ka-motsa ake ce wa tsohon, saboda abin da yake faɗa wa kowa ke nan kafin ya ɗauke shi hoto.

Auta ya ɗago jajayen idanu. "Mai Sawu, in kai ne ka faɗa min a nan. Kar in ji a bakin wani."

Tun da Auta ya iya magana bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Yaya. Wannan kalma ɗaya da aka cire ta fi duk surutun Mai Aski ciwo. Ya san in bai gano mai wannan aiki ba, ya rasa ta ke nan har abada.

"Kowa ya sauka," ya ce. "Ku bar ni da ƙasa."

* * *

Kututturen ya fara dubawa. Zarto aka sa, ba gatari ba, kuma ba a zama ɗaya aka yi aikin ba. Garin itacen da ya zuba kala uku ne: na ƙasa ya yi toka-toka, na tsakiya rawaya, na sama fari tas. Duk yankan daga gefen gabas aka yi shi, inda wurin tsayuwa bai fi tafin ƙafa biyu ba, kuskure kaɗan mutum ya tafi tafki. Ga fili shimfiɗe a gefen yamma, amma aka ƙi shi. Wane irin mahaukaci ne wannan?

Ya zaga bayan wani babban dutse, can nesa da inda aka tattake. A nan ya ga sawun da ya fi sani a duniya: takalmin roba, dunduniyar hagu ta cinye, an zauna an daɗe. Nasa ne, na Talatar da ta wuce, laka ta riƙe shi ta bushe da shi. Gefensa ga alamar inda aka jingine kan gatari.

Ya ɗaga ƙafa zai murje. Ƙafar ta tsaya a sama. Shekara ashirin da biyar bai taɓa sa ƙasa ta yi ƙarya ba, ba zai fara da kansa ba. Ya sauke ƙafar a gefe.

Daga wajen rassan kuma wani sawu ya fita: an sare reshe biyu an ja su gangare, jansu ya bar layi kamar na garma.

* * *

Layin ya kai shi ramin Mai Gawayi. Rassan suna jingine a fili, ko ɓoye su ba a yi ba.

"Na ɗauka, ban musa ba," in ji Mai Gawayi yana sharce gumi. "Jiya da rana na hau na tarar da ita a ƙasa. Itacen da ya faɗi ai abincina ne."

"Ka ganta a ƙasa tun jiya ka yi shiru?"

"In faɗa wa wa? Mai baƙin hannu ya zo ya ce an sare bishiya, wa kake jin za a kama?" Ya nuna gatarinsa. "Ka dubi wannan. Da ni ne, kafin shayinka ya huce na gama da ita, kuma ba zan bar gangar a can tana shan raɓa ba. Zarto aikin kafinta ne, ko na wanda ba shi da ƙarfin sara."

Mai Sawu ya juya zai tafi.

"Abokina," Mai Gawayi ya rage murya. "Ni ma na ganka. Ran Talata, da duku-duku, da gatari a kafaɗa. Ban faɗa ba tukuna, amma in aka zo kaina zan faɗa."

* * *

A gindin tudun akwai lambun wata dattijuwa da ta daɗe tana zagin baƙin Auta saboda tattake mata albasa. Kowa ya san tana da zarton gyaran rassa. Ta miƙo masa shi tun bai gama tambaya ba: tsatsa ta cinye haƙoran, ko burodi ba zai yanka ba.

"Da ina da gwiwar hawa, ɗan nan, da tuni na yi, kuma da na faɗa da bakina. Mutum ya baro gadonsa ya zo ya taka min shuka don ya kalli rana! Ba ta fitowa a garinsu?"

"Mama, kin ga wani yana hawa da yamma a 'yan kwanakin nan?"

"Idona ya mutu, kunnena ne da rai. Akwai wani mai hawa yana hutawa, yana ɗan tari. Shi dai bai taɓa taka min ko ganye ɗaya ba, Allah ya yi masa albarka. Jiya kuma da asuba ya wuce, wani abu yana bugun duwatsu, ƙwas, ƙwas, kamar mai sanduna."

Mai tari da sanda sun fi talatin a garin. Rana ta take tsaka, bai samu komai ba sai mai shaida a kansa.

* * *

Ya biya shagon Baba Kar-ka-motsa don ya ji ko Auta ya faɗa wa wani zancen tafiyarsa. Shagon ɗan ƙarami ne, warin tsohuwar takarda, labule mai zanen furanni da ya koɗe, kujera ɗaya ta masu hoton fasfo. A kusurwa wani dogon abu yana jingine, an lulluɓe shi da baƙin ƙyalle.

"Ni ya tambaya inda ake wanke manyan hotuna," in ji tsohon yana zuba masa shayi. "Har yanzu yakan tuna da ni in yana neman adireshi."

"Kai ka koya masa komai, Baba."

"Ni na nuna masa yadda ake riƙe numfashi kafin a danna. Ka taɓa jin ya faɗa a gaban baƙinsa? Kai ma ka ɗauke shi a wuya ka kai shi wurin. An rubuta sunanka a kalandar?"

Maganar ta shige Mai Sawu kamar an sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Suka zauna suna caccakar Auta a hankali, cikin ladabi, irin na mutanen da ke son mutum amma ɗaukakarsa ta tsaya musu a wuya. Ya ji daɗin zaman ƙwarai, abin da ya ƙara ba shi kunya.

A bango akwai wani hoto da ya fara ja don tsufa: tafki da asuba, rana tana leƙowa tsakanin tuddai biyu, tsuntsu ɗaya a sama.

"Shekara arba'in," in ji Baba da ya ga yana kallo. "Da ba shagon da babu shi a garin nan. Je ka duba na Mai Aski, ko cire shi bai yi ba, a kan ƙusa ɗaya ya ɗora kalandar yaron. Duk ranar da na je aski ina hango gefensa yana leƙowa." Ya yi ɗan tari ya kurɓi shayi.

* * *

Mai Sawu ya sake hawa tudun shi kaɗai. Wannan karon bai dubi kututture ba. Ya shiga ƙarƙashin rassan da suka faɗo, inda ƙafar 'yan kallo ba ta kai ba, yana ɗaga ganye ɗaya-ɗaya da bakin sanda.

Wurin da Auta yake kafa kyamararsa sananne ne, ƙafafunta na roba sun yi wa ƙasa shati uku masu faɗi. Taku biyar hagu da nan, a gefen rassan, ya ga wasu ramuka uku ƙanana masu zurfi, irin na tsinin ƙarfe. A cikin ɗaya akwai ganyen bishiyar, tsinin ya huda shi ya danna shi ƙasa tun yana ɗanye.

Ganyen bai zo nan ba sai da bishiyar ta faɗi. Ke nan wani ya kayar da ita, maimakon ya gudu, ya tsaya ya kafa kyamara.

Ya shiga tsakiyar ramukan ya ɗan rusuna daidai tsayin ƙirji, ya dubi gabas. Tafki, tuddai biyu, tsagin da rana ke fitowa. Tsuntsun ne kawai babu. Ya daɗe a tsaye, domin ya gane mutumin, kuma ya gane shi ne ta hanyar da ba ya so.

* * *

Da rana ta yi sanyi ya tara mutanen gari a kan tudun. Ya ce wa Mai Aski ya zo da abin da ke bayan kalandarsa. Ya aika wa Baba cewa ana son ya zo da kayan aikinsa ya ɗauki hoton wurin saboda hukuma. Tsohon ya hauro yana hutawa, sanye da rigarsa ta fita, doguwar ƙafar kyamararsa ta katako a kafaɗa, bakinta yana bugun duwatsu. Dattijuwa mai lambu, da aka riƙo ta aka hauro da ita, ta karkata kai tana saurare. Shekara nawa ba a kira Baba aiki a waje ba, fuskarsa har sheƙi take. Mai Sawu ya kawar da ido.

"Mai Gawayi ya ɗauki reshe biyu, bai kayar ba," ya fara. "Mama ba ta da zarto mai ci, ba ta da gwiwa. Saura ni." Ya kai su bayan dutsen ya nuna. "Wannan sawuna ne. Ran Talata na zo da gatari, kuma don in sare ta na zo. Na zauna a nan ina kallon ƙanina yana aiki, rana ta fito, na kasa. Na koma gida."

Wurin ya ɗauki surutu. "Biri ya yi kama da mutum!" in ji Mai Aski. Auta kuwa ko mamaki bai yi ba.

"Da ni na sare, ta nan zan tsaya, a fili. Wanda ya yi ya tsaya a bakin rami yana yanka kaɗan-kaɗan har yamma uku, ta gefen gabas. Me ya sa? Auta, in ka kafa kyamara a wurinka, wane gefe ne ba ta gani?"

"Na gabas," in ji Auta a hankali.

"Mutumin ya san abin da idon kyamara ke gani da abin da ba ya gani. Baba, kafa mana a nan."

Ya yaye ganyen da sanda. Tsohon ya dubi ramukan, hasken fuskarsa ya ɗauke. Ba wanda ya tilasta shi. Hannunsa ne ya yi abin da ya saba, ya buɗe ƙafafun, tsini uku suka faɗa ramuka uku ba tare da an gyara ko ɗaya ba. Mai Sawu ya karɓi tsohon hoton daga hannun Mai Aski ya ɗaga shi saitin gabas. Gani ya kori ji.

"Wurina ne," in ji Baba. "Lokacin da na ɗauki wannan, ita ko gwiwata ba ta kai ba. Ta girma ta toshe min rana, yaro ya zo ya ɗauki abin da ya toshe, aka ce shi ne gwani. Na ce bari in sake ɗauka sau ɗaya, garin nan ya tuna."

"Ka samu?" Auta ne ya tambaya.

Tsohon ya girgiza kai. "Hannuna ya yi rawa. Duk zarton ya kashe min shi."

Mai Aski ya buɗe baki, ya dubi hoton da ya shekara uku a bayan kalandarsa, ya rufe. Aka ce gobe manya za su zauna a kan maganar. Mai Gawayi ne ya ɗaukar wa Baba ƙafar kyamarar suka gangara.

* * *

Ya rage su biyu a kan gangar bishiyar. Mai Sawu yana jiran hukuncinsa, don wanke kansa da ya yi bai wanke Talata ba.

Auta ya danna bayan kyamararsa ya miƙa masa. A ɗan gilashin ga mutum zaune a gefen dutse, gatari jingine kusa da shi, hasken asuba ya zuba a fuskarsa, baki a ɗan buɗe, yana kallon gabas kamar yaron da aka kai wurin karo na farko.

"Na juya in ɗauki hasken da ke kan duwatsu, sai na ganka," in ji Auta. "Yana wuyana tun safe, duk ihun da Mai Aski yake yi. Ya fi duk hotunan bishiyar nan kyau, ga shi ba na iya nuna wa kowa."

Mai Sawu ya kasa ɗaga kai. "Na ji haushinka, Auta. Shekara uku ina jin haushinka."

"Na sani. Ni ma ban taɓa cewa kai ka kawo ni ba." Ya karɓi kyamarar ya rataye. Ya juya yana kallon tafki. Can ya ce, "Yaya, akwai wani wuri?"

Akwai. Bayan tudu na uku, inda ruwa biyu suke haɗuwa, rana takan fito sau biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Shekara tara ke nan da ya gano shi yana bin sawun wata saniya, kuma tun ranar da kalanda ta fito ya rantse a ransa wannan nasa ne shi kaɗai. Ya ji haushin nan ya sake motsawa a ƙirjinsa, bai mutu ba. Ya san baƙi za su zo, ya san sunan wa za a kira wurin da shi.

"Da nisa," ya ce. "Ka sa takalmin kirki, kuma kar ka makara. Ni ba na jiran mutum."